Yadda Na Daina Tsoron Kemistiri a Hanyata ta Zama Ma'aikaciyar Jinya

Kusan duk yarinyar da iyayenta suka turo wurina domin in ba ta shawara a kan karatun jinya, da magana ɗaya take farawa, wato tana son aikin ƙwarai amma ba ta jin ƙwaƙwalwarta za ta iya ɗaukar kimiyya. Wasu daga cikinsu ba su ma zauna jarrabawar kammala sakandare ba tukuna, amma sun riga sun yanke wa kansu hukunci. Wasu kuma sun zauna, sakamako ya fito da D7 ko F9 a kemistiri, sai suka ninke takardar suka tura ta ƙasan akwati, suka daina ɗaga kai duk lokacin da aka kawo zancen makaranta a gida. Maganar tana taɓa ni sosai, domin ni ma na daɗe ina furta ta kafin in sa farin kaya, kuma na san irin nauyin da take da shi a ƙirjin mai faɗarta.

Sharaɗin da ke tsorata su ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa a siffarta ta yanzu, tana neman kiredit biyar daga duk mai son shiga karatun: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma a same su a zama ɗaya ko biyu, kada su wuce haka. A ma'aunin WAEC da NECO kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6, saboda haka wadda ta sami D7 ta ci darasin a takarda, amma a wurin masu ɗaukar ɗalibai daidai take da wadda ba ta ci ba. Mai son digiri a jami'a irin ta Bayero a Kano ko ta Ahmadu Bello a Zariya za ta sake haɗuwa da fiziks da kemistiri da bayoloji a jarrabawar JAMB, sannan ta yi shekara biyar tana karatu. Kwalejojin jinya da yawa su ma yanzu sun koma tsarin difloma da babbar difloma, kuma ta ƙofar JAMB ake shigarsu. Duk inda yarinya ta juya, darussan nan uku suna gabanta.

Ni a zamana na farko na sami kiredit a Turanci da bayoloji da lissafi, amma kemistiri ya zo da D7, fiziks kuma da E8. Abin da ya fi sakamakon ciwo shi ne yadda mutane suka yi gaggawar fassara shi. Goggona ta ce da ma kimiyya ta maza ce, wata maƙwabciyarmu ta ce in nemi kwas mai sauƙi in huta, wasu kuma suka fara kawo zancen aure da sigar tausayi, tamkar dai an gano iyakata kuma babu sauran abin da za a jira. Babu wanda ya zage ni, kuma na tabbata da alheri suke nufi. Sai dai maganganun nasu sun zo daidai da abin da zuciyata take raya mini tun ina aji huɗu na sakandare, cewa akwai waɗanda aka halitta da kan kimiyya kuma ni ba na cikinsu. Mahaifina ne kaɗai bai yarda ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana, kuma abin da ya ce shi ne: "Uwata, wadda ta ci bayoloji da Turanci ba za a ce ba ta da kai ba. Akwai dai abin da ba a koya miki ba, kuma za mu nemo shi."

A lokacin na ɗauki maganar a matsayin lallashin uba, amma yanzu na san bayani ne na gaskiya a kan abin da ya faru. Makarantarmu tana da ɗaki da aka rubuta wa suna ɗakin gwaje-gwaje, amma ban taɓa riƙe bututun auna ruwa da hannuna ba sai ana saura 'yan makonni jarrabawa. A allo aka zana mana yadda ake ɗiga asid a kan alkali har launin ruwan ya juya, muka kwafa, muka haddace cewa launin yana tashi daga rawaya ya koma ruwan lemo, ba tare da idonmu ya taɓa gani ba. Fiziks kuwa masu yi wa ƙasa hidima ne suke koya mana, kowanne ya yi shekararsa ya tafi, wanda ya zo bayansa ya ɗora daga inda ya ga dama, wani zangon ma babu kowa. Ga kuma Turanci, wanda muke karanta shi amma ba ma tunani da shi, ta yadda tambaya ɗaya sai ta zama aiki biyu, a fara kokawa da jimlar kafin a iso ga lissafin. Yarinyar da ta taso a haka, in ta faɗi, ba ta da hanyar sanin cewa an tauye ta, domin ba ta taɓa ganin yadda cikakken aji yake ba. Abin da take gani kawai shi ne wasu sun ci ita ba ta ci ba, sai ta ɗora laifin a kan kanta. Tun a 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa irin iyayenmu ne suka shiga suka fito likitoci da injiniyoyi. Gaskiya ne cewa da jarrabawa aka zaɓo su, amma abin da ya raba su da mu bai tsaya ga zaɓen ba, su an ba su malamai da kayan aiki da lokaci.

Mahaifina ya haɗa ni da wani dattijon malamin kimiyya a unguwarmu wanda ya yi ritaya, kuma ranar farko bai buɗe littafin kemistiri ba. Ya tambaye ni me nake ganin ya fi ba ni wahala, na ce komai. Sai ya ce, "'Yata, babu wanda bai iya komai ba. Ki nuna mini layin da kike ɓacewa." Ya ba ni tambaya ɗaya ya ce in yi ta da ƙarfi yana saurare. Na fahimci abin da ake nema, na rubuta ƙa'idar daidai, amma da na zo raba 0.5 da 0.02 sai na tsaya cak. Ya sake ba ni wata a fiziks, na sake tsayawa a wurin da ake juya ƙa'ida domin a fitar da harafin da ba a sani ba. Ya ajiye alƙalami ya ce mini matsalata ba ta kai girman da nake ba ta ba, domin a lissafin ƙaramar sakandare take zaune: lambobi masu ɗigo, kashi-kashi, juya ƙa'ida, da rubuta manyan lambobi a taƙaice. Kiredit ɗin da na samu a lissafi na same shi ne da ƙarfin sassan da na haddace, na tsallake waɗannan, su kuwa kemistiri da fiziks ba sa barin a tsallake su.

Ba zan iya kwatanta sauƙin da na ji a ranar ba. Shekara da shekaru ina ɗauke da wani abu mara suna wanda ya cika mini zuciya, sai ga shi an sanya masa suna, an kuma ce ga shafukan da yake. Daga nan na fahimci cewa yabo da lallashi ba sa kawar da shakkar kai, domin mai shakka tana jin yabon ne a matsayin tausayi. Abin da ya yi mini magani shi ne a karya kalmar "ban iya ba" a mayar da ita ƙananan abubuwa da za a iya lissafawa a takarda, a kuma riƙa soke su ɗaya bayan ɗaya. Na koma littafin aji biyu na ƙaramar sakandare ina zaune kusa da ƙannena, kuma ban ji kunya ba, domin a karon farko ina ganin amsata tana zuwa daidai da ta bayan littafi saboda na gane, ba saboda na tuna ba.

Bayan haka muka shiga babin mol, wanda shi ne ya fi firgita ni a kemistiri kaf. Malam ya ce mai sayar da gero a kasuwa ba ya ƙirga ƙwayoyi, da tiya yake awo, kuma tiyar gero da tiyar wake ba su da nauyi ɗaya. Ya ce haka masanin sinadarai yake, ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙanta da yawa da za a ƙirga su, don haka yake awonsu da mol, wanda a kowane sinadari yake ɗauke da adadi iri ɗaya, wato 6.02 sau 10 mai ƙarfin 23, amma nauyinsa ya bambanta daga wannan sinadari zuwa wancan. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishirin miya kuwa giram 58.5. Ya yi gargaɗi cewa kwatancen bai cika ba, tunda tiya girma take aunawa shi kuwa mol adadi, amma ya isa ya buɗe mini ƙofa. Da Hausa ya yi mini bayanin duka, sannan ya sa na maimaita da Turanci, kuma wannan tsarin na riƙe har na gama makaranta: in ban iya faɗin abu da Hausa yadda ƙanwata za ta gane ba, to ban fahimce shi ba tukuna, komai kyan yadda na haddace shi.

Sauran aikin ba shi da wani sirri. Bayan sallar asuba nake karatu kafin gida ya tashi, kuma Inna ta ɗauke mini wankin safe ta mayar da shi yamma, wanda ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda ya san yawan aikin da ke kan 'ya mace a gidajenmu. Na tara tambayoyin shekarun baya ina yin su da agogo a gabana, kuma duk wadda na kuskure sai na rubuta dalilin a gefe, ko jimlar ce ban gane ba, ko ƙa'idar, ko lissafin. Ranar Asabar Malam yakan roƙar mana izinin shiga ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, inda a ƙarshe na ga launin nan ya juya a gaban idona da ɗigo ɗaya. Fiziks bai taɓa zama abin ƙaunata ba, kuma ban matsa wa kaina sai na ƙaunace shi ba, na dai bi shi babi-babi har na san abin da zan iya amsawa.

Akwai wata hanya da aka nuna mini a wannan lokacin, kuma tilas in ambace ta domin har yanzu ana nuna wa yara ita. An ce akwai makarantun da ake biyan kuɗi a yi rajista, ranar jarrabawa a rubuto amsa a allo, sakamako ya fito da kyau. Wanda ya kawo shawarar ɗan'uwa ne, kuma ya ce kowa haka yake yi. Mahaifina ya ƙi, ya ce ba zai sayi takardar da za ta sa 'yarsa ta riƙe allura a kan ɗan wani ba. Ban da haramcin abin, wannan hanyar ita ce mafi muni ga mai shakkar kanta, domin tana ba ta takarda amma tana tabbatar mata da abin da take tsoro, cewa da kanta ba za ta iya ba. Daga baya na zauna aji ɗaya da masu A1 da B2 a kemistiri waɗanda ba su san bambancin miligiram da giram ba, kuma na ga irin fargabar da suke kwana da ita.

A zama na biyu na sami C4 a kemistiri da C6 a fiziks. Ba sakamako ne da za a yi shela da shi ba, amma nawa ne, kuma ya cika sharaɗi.

Na yi zaton shiga makarantar jinya zai kashe shakkar gaba ɗaya, sai ta dawo da sabon ƙarfi. A tsarin da muka bi, watanni shida na farko na gwaji ne, ana kiransu PTS, kuma a ƙarshensu akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya wadda duk wadda ba ta haye ba za ta tattara kayanta. A cikin wannan ɗan lokaci aka zubo mana ilimin sassan jiki da na yadda jiki yake aiki: ƙasusuwa 206, jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, ɗakunan zuciya huɗu da hanyar da jini yake bi a tsakaninsu, duk da sunaye masu tsawo da harshe yake sarƙewa a kansu. Ga 'yan makarantun kuɗi masu Turanci kamar ruwa, waɗanda suke ɗaga hannu kafin malama ta rufe baki. Na yi makonni ban yi tambaya a aji ba don kada a ji lafazina. Abin da ya cece ni shi ne darasin da na riga na koya a wurin Malam, na zauna na tambayi kaina a wane layi nake ɓacewa, sai na ga ba ko'ina ba ne. Muka haɗu mu kaɗan muna bita da dare, kowacce ta ɗauki sashe ta yi wa sauran bayani, kuma a nan na gano cewa wasu daga cikin masu zaƙin bakin nan su ma a tsorace suke, kuma ni suke jira in warware musu lissafi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda darussan da na ɗauka shinge ne kawai suka riƙa bayyana a cikin aikin kansa. Ledar ƙarin ruwa da muke ratayawa kullum an rubuta mata kashi 0.9 cikin 100, ma'ana giram 9 na gishiri a kowace lita, kuma idan aka raba 9 da 58.5 ɗin nan za a sami kusan mol 0.154, wato milimol 154, adadin da aka buga a jikin ledar. An zaɓi wannan gwargwadon ne domin kada ƙwayoyin jini su kumbura ko su yamutse, wanda shi ne darasin ratsawar ruwa ta cikin tantani da muka yi a bayoloji. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa yana aiki ne saboda hanji yana shigar da sinadarin sodiyam tare da gulukos, ruwa kuma ya bi su. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin asid da alkali, kuma ɗan gocewa daga nan babban al'amari ne. Awon hawan jini da tsayin da ake rataya ledar ruwa duk fiziks ne na matsin ruwa. Idan likita ya rubuta a ba majinyaci lita ɗaya cikin awa 8, da bututun da yake ba da ɗigo 20 a kowace mililita, nas ce za ta lissafa ta ga kusan ɗigo 42 ne a minti, ta tsaya da agogo ta daidaita, musamman a asibitocin da babu na'urar da za ta yi mata.

Inda abin ya fi shiga zuciyata shi ne ɗakin haihuwa. Jijjigar masu ciki tana daga cikin manyan abubuwan da suke kashe mata a arewacin Najeriya, kuma maganinta, magniziyam salfet, yakan zo da ƙarfin kashi 50 cikin 100, wato giram 1 a kowace mililita 2. Kafin a ba da shi ta jijiya sai an surka shi ya sauko zuwa kashi 20, kuma wadda za ta yi wannan surkin tana yinsa ne da tsakar dare, mace tana jijjiga a gabanta, dangi suna salati a bakin ƙofa, wani lokaci babu likita a kusa. Lissafin bai fi wanda na kasa yi a gaban Malam wahala ba, amma a nan idan ɗigon lamba ya sauka a inda bai kamata ba a lissafin, numfashin matar ne zai iya tsayawa. Saboda wannan ba na goyon bayan masu cewa a sassauta sharaɗin kimiyya domin yankinmu yana da ƙarancin ma'aikata. Na fahimci damuwarsu, domin ƙarancin gaskiya ne, kuma akwai matan da mazajensu ba sa barinsu zuwa awo ko haihuwa a asibiti idan namiji ne zai duba su. Amma matar karkara ta cancanci nas wadda ta iya lissafi kamar yadda matar birni ta cancanta.

Gyaran da nake gani shi ne a cike giɓin kafin a iso ƙofa, kuma an taɓa gwada hakan. A 2012 aka fara shirin Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. A ƙarƙashinsa aka buɗe ajin share fage ga 'yan matan karkara, har da masu aure da masu goyo, inda ake koya musu kimiyya da lissafi da Turanci domin su sake zama jarrabawa su cika kiredit ɗinsu, da alkawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Abin da dattijo ɗaya ya yi mini a zaure, shi shirin ya yi wa mata masu yawa a tsare, kuma bai rage ko kiredit ɗaya daga sharaɗin ba. Tallafin waje ya ƙare a 2020, kuma a ganina duk jihar da take kuka da ƙarancin nas-nas da ungozomomi ya kamata ta riƙe irin wannan aji da kuɗinta, domin ba kowace yarinya ce take da uban da zai nemo mata malami ba.

Akan ce wa wadda ta faɗi jarrabawa ta rungumi ƙaddara, kuma na yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau. Sai dai na lura sau da yawa ana gaggauta kawo kalmar ne ga 'ya mace, alhali idan ɗa namiji ne ya faɗi, kuɗin sake rajista ake fara nema. Faɗuwar zama ɗaya ƙaddara ce da ta riga ta auku, amma ƙin sake zama shawara ce da mutane suke yankewa, kuma dokar kanta ta bar ƙofar zama na biyu a buɗe. Iyaye su ne suka fi kowa iko a nan, domin yarinya mai shekara 17 ko 18 daga fuskokinsu take karanta ko ta isa ko ba ta isa ba.

Wadda take cikin wannan hali yanzu, ta fara da ɗauko takardar sakamakonta ta duba darasin da ya rage mata, domin ana iya haɗa sakamako biyu, kuma WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu. Ya fi kyau ta yi rajistar darussan da take buƙata duka a zama na biyu, don kada wani ya sake zamewa ta buƙaci haɗa sakamako uku, wanda ba a karɓa. Ta tabbatar sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a takardun makaranta da lambarta ta NIN, wadda JAMB take nema tun 2021, domin bambancin harafi ɗaya yakan jawo jinkiri mai tsawo. Kafin a biya ko kwabo ga wata makaranta, a duba ko tana cikin jerin waɗanda hukumar jinya ta amince da su, saboda wadda ta yi karatu a inda ba a amince ba ba za ta zauna jarrabawar hukumar ba, kuma ba za ta sami lasisin aiki ba. Sannan ta nemi wanda zai zauna da ita ya saurare ta tana warware tambaya da ƙarfi, malami ne ko yaya ko ɗalibar jinya da ke unguwarsu, har a gano layin da take tsayawa, a fara karatun daga nan.